Takardar da Ɗantala Bai Rubuta Ba

Ɗantala ya rasu ran Talata
cikin motarsa, bakin shagon taya a Greensboro,
makulli a hannu, shayinsa ko hucewa bai yi ba.
Muka yi masa sutura, muka kai shi makwanci,
muka yi zaman kwana uku.
Masu gaisuwa na watsewa, takardu suka yi sallama.

Ban san mamaci na da shari'a ba sai a ƙasar nan.
Gidan da ya yi shekara sha tara yana biya,
sunansa kaɗai ke kai.
Banki ya ja bakinsa ya tsuke.
Lantana ta tsaya gaban magatakardan kotu
da mayafin takaba da leda cike da rasiɗai,
ni a gefe ina tafinta,
ina juya hawayenta zuwa Turanci.

Suka ce, ina wasiyya?
Ta ce, ya faɗa mini da bakinsa,
muna kicin, ina yanka albasa,
ya ce kada a manta da Inna a Tasawa.
Suka ce sun ji, sun kuma tausaya,
amma baki ba ya ɗaukar hatimi.
Dokar jiha ta san mata, ta san 'ya'ya,
ba ta san wata tsohuwa ba
mai jiran ƙarar waya duk ƙarshen wata.

Aka buga sunansa a jarida, can ƙasan shafi:
duk mai bin sa bashi ya fito cikin wata uku.
Asibiti ya fito. Masu katin bashi suka fito.
Wata goma sha huɗu ana kai gwauro ana kai mari,
lauya na yagar nasa, kotu na yagar nata.

Da can ni ne mai cewa
rubuta wasiyya kiran mutuwa ne da sunan yanka.
To, Ɗantala bai kira ta ba.

Na je wurin wata lauya, dattijuwa, Misis Pruitt,
tabarau a kan hanci, alewa a faranti.
Ta ce wasiyya bakinka ce ran da ka yi shiru,
amma ita ma sai ta bi ta ƙofar kotu.
In ba ka son layin, gina amana tun kana numfashi.
Na ce, kamar rumbu ke nan?
Na zana mata a bayan ambulan.
Ta ce haka ne: ka zuba gidan ciki, makulli na aljihunka,
ka faɗi wanda zai karɓa bayanka.
Sai dai mutane kan gina rumbun
su bar hatsin a waje.

Na ciro rabon da liman ya lissafa mini,
tumuni, sudusi, da sulusin da ban da ikon wucewa.
Ta karanta sau biyu, ta ce za a rubuta.
Sannan ta tambayi abin da ban shirya ba:
in kai da Barmani kuka tafi rana ɗaya,
wa zai riƙe Kyauta?
Shekararta tara. Ba ta cin yaji.
Na daɗe ina kallon alewar nan.

Shaidu biyu suka sa hannu, ban san su ba,
ɗaya ma daga ofishin inshora na maƙwabta aka aro shi.
Na sa nawa, alƙalamin ya yi gardama, na sake.

A mota na tuna.
Jarida ta kira masu bin Ɗantala,
ba ta kira waɗanda yake bi ba.
Dala ɗari uku, tun shekarar da injina ya buga,
ba rasiɗi, ba shaida, shi ma bai ƙara tayar da zancen ba.
Na karya kan mota zuwa gidan Lantana.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ce wannan na Inna ne.